Gwiwata ce ta sa na canza filtar iskar babur ɗina

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ina fata kana lafiya kai da abokan aikinka. Na karanta rubutun da kuka buga kwanakin baya a shafin ababen hawa, inda marubucin yake cewa wai duk wanda ya cire filtar iskar da kamfani ya sa wa babur ya ɗora wata, to gayu ne kawai da son a ji ƙara. Toh akwai masu yin haka kam, ban musa ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni gwiwata ce ta kai ni, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Babur ɗina irin manyan nan ne masu silinda biyu da suka buɗe kamar harafin V, ba sai na kira sunan kamfanin ba. A irin wannan ƙirar iska tana shiga ne ta tsakanin silindojin biyu, shi ya sa gidan filtar yake zaune a gefe ya turo waje kamar kwano, kuma yawanci gefen dama ne. Ko a kan Harley-Davidson da aka fi sani da wannan tsari, masu V ɗin nan na digiri 45, a dama za ka gan shi tun daga Sportster da suka fara fitarwa a 1957. Ni kuma Allah ya yi ni dogo, ƙafa kamar gora, in na zauna gwiwar hagu ta kwanta jikin tanki lafiya lau ita kuma ta dama kwanon nan ya ture ta waje, sai ka ga mutum yana tuƙi a karkace kamar wanda ya zauna kan dutse. Tafiyar minti ashirin ba komai, amma ka yi awa biyu ka ji yadda ƙugu da cinya za su riƙe.

Ciwon ma da sauƙi. Abin da ya tsorata ni birki ne, don birkin baya ai da ƙafar dama ake taka shi, kuma in gwiwa ta buɗe waje tafin ƙafa ma juyawa yake, yatsu su kalli gefe, kafin ka dawo da su kan birkin an ɗan ɓata lokaci. Ranar da wata mota ta tsaya gabana ba zato na kai ƙafa na ji na taka gefen ƙarfen kawai, birkin gaba ne ya cece ni, wallahi a ranar na yanke shawara.

Sai dai inda zan ba marubucinku gaskiya shi ne, mutane da yawa suna ɗaukar gidan filta kamar murfi ne na ado, a kwance a ɗaura wani shi kenan, ni ma haka na ɗauka da farko kuma na sha wahala. Inji numfashi yake yi. Kafin fetur ya ƙone sosai yana buƙatar iska mai nauyinsa sau 14.7, in ka lissafa lita ɗaya na fetur tana cin iska wajen lita 9,000, duk kuma ta wannan ɗan kwanon take wucewa. Kamfani ya auna man da zai riƙa shiga daidai da iskar da filtarsa ke bari ta wuce. Yawancin filtocin da ake sayarwa a matsayin sirara buɗaɗɗu ne, sun fi barin iska ta shige, to kaga iska ta ƙaru mai bai ƙaru ba, sai inji ya fara aiki da yunwar mai. Alamarsa zafi, musamman in injin iska ce ke sanyaya shi, silindar baya da dama ba ta samun iskar hanya sosai ita ta fi shan wuya, sai tari in ka murɗa totur, sai salansa ta riƙa tas tas in ka saki, in ka zare filogi ka ga kansa fari fat maimakon ruwan ƙasa-ƙasa. Nawa duk ya yi waɗannan a sati na farko, gwiwa ta samu wuri amma cinya tana gasuwa, garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Maganin ya danganta da irin babur ɗin. In mai kafireta ne sai bakanike ya canza jet, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da fetur ke bi, ya sa wanda ya ɗan fi girma ya daidaita allurar, a gwada a sake duba filogi, aikin haƙuri ne. In kuma mai injekta ne, kamar duk Harley da aka yi daga 2007 zuwa yau, to kwamfutar injin ce ke raba mai, tana da sensa a jikin salansa mai shinshinar hayaƙi tana gyara kaɗan da kanta, amma iyakarta kaɗan ɗin, in canjin ya yi yawa musamman in an haɗa da canza salansa dole a sake mata lissafi da na'ura. A nan kuma doka ta shigo a wasu ƙasashen. A Amurka a 2016 hukumar kare muhallinsu ta sa Harley-Davidson biyan tarar dala miliyan 12 kan na'urorin sake lissafin nan kusan 340,000 da ta sayar, saboda suna ƙara hayaƙi fiye da abin da aka amince. Don haka kowa ya duba dokar inda yake, ya kuma karanta takardar garantinsa kafin ya taɓa.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, faifan bayan gidan filtar shi ne yake tallafe da kafireta ko maƙogwaron injekta, an ɗaure shi jikin kawunan silinda, kuma a injuna da yawa ta cikin kusoshin nan tururin baƙin mai ke fitowa daga cikin inji ya koma filta a ƙone shi. In sabon da ka sayo bai tanadi hanyar tururin nan da kyau ba za ka ga baƙin mai yana ɗiga kan wando da gefen babur, in kuma wani gwani ya toshe ramukan gaba ɗaya matsi zai taru a ciki ya nemi hanya ta gasket. Sannan ƙananan sukurorin da ke cikin gidan, dan Allah a sa musu gam ɗin nan mai hana kwancewa a ɗaure daidai ƙa'ida, don injin V girgiza gare shi, sukuru ɗaya ya kwance inji ya haɗiye shi an gama da bawul da fistin.

Wajen zaɓe kuma kar hoto ya ruɗi mutum. Na farkon da na saya irin mai lanƙwasa ne da ke miƙa filtar gaba kamar hannu, a hoto ya yi kyau, gwiwa ta tsira amma da yake matakan ƙafata a gaba suke sai ƙaurina ya koma yana gugar sa, wato na ɗauke matsalar daga sama na kai ta ƙasa. Na biyu zagayayye ne siriri, shi ya yi min, bambancinsa da na asali bai wuce faɗin yatsu uku ba amma wallahi kamar an canza min babur. Da na yi abin da ya dace tun farko, in zauna da takalmin da nake tuƙi da shi in ɗora ƙafa kan birki wani ya auna min inda gwiwa ke taɓawa da kuma yadda kwanon ya fito daga jikin inji, da ban yi asara sau biyu ba. Wani ma ba ya buƙatar canza filtar sam, sit da ya ɗan ja baya ko matakan ƙafa da aka ɗan tura waje sun ishe shi, kuma wannan ba ya taɓa lissafin inji ko kaɗan, ni na gwada sit ɗin bai wadatar ba ne.

Siririyar filta kuma tana da nata halin, faɗin da ke tace ƙura ya ragu don haka ta fi saurin toshewa, irin ta auduga mai shan mai sai an riƙa wankewa ana shafa mata man ta daidai, in ya yi yawa matsala in ya yi kaɗan ƙura ta wuce. Masu sa bututu da raga kawai ba filta kuwa, su dai ringi da silinda suke ci a hankali. Kuma da yake tawa buɗaɗɗiya ce ruwan sama na samunta kai tsaye, sai da na sayi ƴar rigarta da ake sa mata, tana ƙarƙashin sit kullum, in hadari ya haɗo na tsaya na sa.

Ƙarfi kuwa, in wani ya ce maka filta kaɗai ta mayar masa da babur jirgi, ƙarar tsotson iskar ce ke ruɗin kunnensa. Ni bayan an daidaita min mai abin da na lura da shi zafin ya sauka, tarin ya tafi, kuma ƙafata tana kan birki a miƙe.

Roƙona Malam Edita, in za ku sake taɓo wannan batu ku nemo bakaniken da ya san aikin ya nuna wa masu karatu da hoto yadda ake karanta kan filogi, fari da baƙi da wanda yake daidai, don ni sai da na zare nawa sau huɗu kafin na gane abin da nake kallo.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani mai karatu, dogon mahayin babur