Zuwa ga Aminina a Kumasi, Kan Lafiyar Yaronmu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Zango baki ɗaya.

Saƙonka ya iso, kuma tun da na ji gwaji ya nuna yaron namu sikila gare shi, hankalina yana wajenku. Na san irin daren da kuke kwana, don shekara tara ke nan muna fama da wannan ciwo a jikin 'yar autarmu. Allah ya ba shi lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Magana ɗaya ce ta sa na zauna na rubuto maka, don kada ta ɓace a hirar waya: ka nemi a yi masa gwajin jijiyoyin kai, wanda likitoci ke ce wa TCD. Mu iyaye ciwon ƙashi da kumburin hannu muka fi tsoro, saboda su muke gani. Amma shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama. In ba a ɗauki mataki ba, wajen yaro ɗaya cikin goma masu sikila irin ta SS takan same shi kafin ya cika shekara 20. Gwajin ba allura, ba zafi. Wata 'yar na'ura ce ake ɗorawa a gefen kai, gaban kunne, ta auna gudun jini. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, to hanya ta tsuke, yaro yana cikin haɗari. Daga shekara 2 ake farawa, sau ɗaya duk shekara.

Tun 1998 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ƙarin jini duk wata yana rage wannan haɗari da sama da kashi 90 cikin 100. To amma aminina, jini duk wata, shekara da shekaru, a ina talaka zai samo shi? Ni da na taɓa kwana a tsaye ina neman mai ba da leda ɗaya, na san amsar.

Shi ya sa aikin da aka yi a nan gida ya shiga raina. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda gwaji ya nuna jininsu yana wannan gudu. Suka ba su maganin haidiroksiyuriya a madadin jini, rabi miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jiki, rabi 20. Da sakamako ya fito a 2022, bayan an bi su sama da shekara biyu, takwas ne kawai suka samu shanyewar jiki, alhali irin waɗannan yara in an bar su haka, wajen ɗaya cikin goma ke faɗuwa kowace shekara. Masu shan awo 20 kuma sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Maganin yana sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Wannan jinin ne ma ya sa ciwon bai cika tashi ba a watannin farko na haihuwa.

Kullum na ba 'yata ƙwayar nan, sai iyayen yaran nan 220 su faɗo mini a rai. Ka tuna yadda gwajin maganin sanƙarau na 1996 ya bar tabo a zukatan Kanawa. Duk da haka suka saurari bayani, suka sa hannu, suka riƙa kai 'ya'yansu wata bayan wata. Allah ya saka musu da alheri.

Kai ma ba a jeji kake ba. A Asibitin Komfo Anokye na garinku aka fara gwada jarirai don gano sikila tun 1995, ƙarƙashin marigayi Farfesa Ohene-Frempong. Ka je sashensu na masu sikila ka tambayi TCD da bakinka. Don Allah kada ka sayi maganin a kemis da kanka, don sai likita ya auna nauyin yaro, kuma ana duba jininsa lokaci lokaci.

Mai ɗakina tana gaida maman yara, ta ce ta kira ta ko da tsakar dare ne. In an yi gwajin, ka turo mini lambar da ta fito.

Naka,
Amininka na Kano