Wasiƙar Godiya Ga Ofishin Masu Aikin Sa Kai Kan Zanen Faɗakarwa Game Da Sida

Zuwa ga Shugaba da ma'aikatan ofishin masu aikin sa kai na faɗakar da matasa, Garwa, ƙasar Kamaru.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka, na rubuto ne a madadin iyayen ɗaliban makarantar sakandaren unguwarmu, domin mu yi godiya a bainar jama'a bisa aikin zane-zanen da kuka gudanar da 'ya'yanmu gabanin 1 ga Disamba, ranar da duniya ta keɓe tun 1988 domin yaƙi da cutar sida, wato ƙanjamau.

Abin da ya fara ɗaukaka ku a idonmu shi ne ba ku shiga aji ba sai da kuka zauna da iyaye da malaman unguwa, kuka baje mana abin da za ku koyar, kuka kuma saurari masu ɗari-ɗari da lamarin ba tare da kun raina tsoronsu ba. A wannan zama ne malamar jinyar da ke cikinku ta tunatar da mu cewa binciken lafiya na ƙasa ya sami cutar a jikin kashi 5.5 cikin ɗari na 'yan Kamaru masu shekara 15 zuwa 49 a 2004, adadin ya sauka zuwa 4.3 a 2011, sannan 2.7 a 2018, amma a binciken na 2018 mata suna da 3.4, maza kuwa 1.9. Da jin haka, dattawan da suka so a ware 'yan mata daga aikin su da kansu suka janye maganar.

A gidajenmu kunya ba ta barin uba ya tayar da irin wannan zance da 'yarsa, kuma ba na ganin laifin kunya, domin da ita aka raine mu. Sai dai cuta ba ta san ta ba. Hikimarku ita ce kun miƙa wa yara kwali da fenti da buroshi, kuka bar hannu ya faɗi abin da baki ke nauyin faɗa. Wani yaro ya zana wanzami yana ɓare sabuwar reza daga takardarta a gaban wanda zai yi wa aski, har da ɗan kwandon da ake jefa tsohuwa, ya rubuta a ƙasa da Faransanci da Fulatanci da Hausar ajami cewa kowane kai da rezarsa. Wata yarinya kuma ta zana mata biyu sun sa hannu a kwano ɗaya na tuwo da miyar kuka, kwalbar magani tana gefen ɗayarsu, babu wadda ta ja jiki da 'yar'uwarta. Wannan zanen ya fi kowanne tsayar da mutane, saboda har yanzu akwai masu ware wa mai ɗauke da ƙwayar cutar kwanonsa da kofinsa, alhali cin abinci tare, ko musabaha, ko cizon sauro, ba sa yaɗa ta.

Mun kuma yaba da yadda kuka hana zanen ƙwarangwal da makara irin na allunan da. Kun fahimtar da yaran cewa gwamnati tana ba da maganin rage kaifin cutar kyauta tun 2007, cewa daga Janairun 2020 an ɗauke kuɗin gwaji a asibitocin gwamnati, kuma mai ciki da ke zuwa awo tana shan magani a kan ƙa'ida za ta iya haihuwar jariri lafiyayye. Maganar kame kai kafin aure da gwaji kafin ɗaurin aure kuwa, limaminmu kuka gayyato ya yi ta da bakinsa, abin da ya kwantar wa da yawanmu hankali.

Godiya ta musamman ga mai zanen allunan shaguna da ya riƙa rufe rumfarsa yana zuwa koya wa yara haɗa launi, bai karɓi ko sisi ba.

Roƙonmu guda biyu ne. Zanen da ke jikin katangar makaranta yana fuskantar rana, kuma zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ba ya barin fenti, don haka iyaye sun amince su sayi kayan sabunta shi kafin damina idan za ku turo mana mai duba aikin. Sannan muna fatan baɗi za ku kai shirin makarantun Islamiyya na Yelwa da Hausare, inda akwai 'yan mata masu yawa da ba sa zuwa boko.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa ofishinku albarka.

Wassalam,
Naka mai biyayya,
Wakilin iyayen ɗalibai, Garwa.