Takardar Koke Ga Mai Girma Hakimin Kura Kan Neman Filin Manoman Rani A Gidan Talabijin Na Jiha

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Kura,
Ta hannun dagatai da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin zama da jama'a, mu ne talakawanka manoman rani, da mata masu turara shinkafa, da 'yan gwari, da marina, da wasu malaman makarantu na ƙasar Kura. 'Yan'uwanmu na Bunkure da Garun Malam da muke ban-ruwa da kanal ɗaya su ma sun sa hannu, kuma za su kai wa nasu iyayen ƙasa kwafi. Ba ƙarar kowa muka kawo ba. Roƙo ne muke so ka ɗauka da bakinka ka kai mana inda namu bakin ba ya kaiwa: a ba mu rabin sa'a a kowane mako a gidan talabijin na jiha, wato ARTV, fili na dindindin wanda ba saye za mu yi ba, kuma a riƙa ɗaukar shirin a gonakinmu da kasuwanninmu.

Dattawan cikinmu sun ce a fara da tunatarwa kan yadda aka samu gidan. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe duk gidajen talabijin na ƙasar nan ta mayar da su NTA. Da farar hula suka dawo a 1979, tsarin mulki ya ba jihohi damar kafa nasu, sai gwamnatin marigayi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa CTV, domin Kanawa su samu inda za su ga kansu, su kuma faɗi tasu. Gwamnatin ce dai ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, har wasu iyayenmu suka koyi rubuta sunansu da gemunsu fari. Bayan rasuwarsa a 2010 aka sa wa gidan sunansa, CTV ya koma ARTV. Da kuɗin jama'ar Kano aka gina shi, da su ake biyan ma'aikatansa, kuma jihar nan ƙananan hukumomi 44 gare ta, takwas ne kawai a birni da kewaye. Wannan shi ne hujjarmu, ba mu da wata.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin abin da ƙasar nan take ciyarwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin marigayi Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, nan wurin bai san zaman rani ba. Shinkafa da alkama da masara da albasa da tumatir, ana cire wannan ana dasa wancan. Motocin da ke lodi a Kwanar Gafan har Legas suke sauke kaya. Amma ilimin da aikin yake buƙata a kan lokaci, yawancinsa a bakin mai shagon magani muke samunsa, shi kuwa abin da ke kan kantarsa yake son ya ƙare.

Abin da ya faru a 2016 shi ya sa muka dage a kan talabijin, ba rediyo kaɗai ba. A shekarar ne tsutsar tumatir da muke kira sharon ta cinye gonaki, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba, ta tsaya saboda babu abin niƙawa. Tsutsar nan ba a bayan ganye take zama ba. Shiga take yi tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa tana ci, sai ka ga wani fari-fari kamar an kankare wurin, da ɗan baƙin kashinta a ciki. Idan ta koma kan 'ya'yan, ɗan ƙaramin rami take hudawa kusa da hular tumatirin, wanda sai ka ɗaga hular za ka gani. Kafin manomi ya ankara, gona ta yi kamar wuta ta bi ta. Mutane suka yi ta feshi safe da yamma, wasu suka haɗa magani uku a tanki ɗaya, babu safar hannu babu abin rufe hanci, maganin kuwa bai ma kai inda tsutsar take ba. An yi asarar tumatir, an yi ta kuɗin magani, wasu sun kwanta ciwo. Duk wannan bayanin, idan aka yi shi a rediyo, kowa zai fahimce shi yadda ya ga dama. Idan aka kafa kyamara a kan ganye ɗaya, malamin gona ya sa tsinke ya buɗe shi tsutsar ta fito tana motsi, yaro ɗan shekara goma ma ya gane, gobe ya je ya duba gonar ubansa. Gani ya kori ji. Kuma masanan ba nesa suke ba: tashar binciken ban-ruwa ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Kadawa, malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jiha, su ma suna nan. Tsutsar kuma ba ta tafi ba, duk lokacin da zafi ya shigo sai ta waiwayo mu.

Sai maganar ruwa. Sakin ruwa da rufe shi a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are yake, kuma idan za a yi gyara, kamar wanda aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa, dole a rufe wani ɓangare na ɗan lokaci. Wannan mun yarda da shi, gyara alheri ne. Damuwar ita ce sanarwa idan ta biyo baki-baki, kafin ta kai gonar ƙarshe ta canza kama: wannan ya ce mako biyu, wancan ya ce wata guda, wani ya turo murya a WhatsApp ya ce an fasa. Wanda ya reni iri ya shirya dashe, kwana biyar babu ruwa ya ishe shi kuka. Da jami'in hukumar zai fito da fuskarsa a filin nan ya faɗi rana da sashen da abin ya shafa, da jita-jita ta mutu. A nan ne kuma za a nuna mana inda kacalla ta toshe magudana, a kira gayya, kowa ya ga wanda ya fito da wanda ya noƙe. Haka hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara: muna jin an fitar a Abuja da Turanci, amma ranar da ake sa ran saukar ruwa a Kura da tsawon daminar, shi ne muke so a faɗa mana da Hausa, a maimaita.

Farashi ba ya buƙatar dogon bayani. A karanto kuɗin kwandon tumatir a Kwanar Gafan da 'Yan Kaba, da na buhun shinkafa a Kura da Dawanau, ko da minti uku ne. Dillalan cikinmu sun ɗan yi tsaki da aka zo nan wurin, amma sun sa hannu.

Iyayenmu mata sun ce kada a rubuta takardar nan a bar tasu. Su ne suke tsaye a bakin tukunya da hayaƙi tun asuba suna turara shinkafa, su shanya, su kai inji, amma idan ana maganar shinkafar Kano ba a cika jin muryarsu ba. Suna so a nuna musu hanyar turarawa da ba ta cin itace da yawa, da yadda za a rabu da tsakuwa, kuma mace ce za ta zo ta yi hira da su, domin akwai gidan da namiji ba zai shiga da kyamara ba. Sun kuma kawo maganar tsargiya. Yaranmu a kanal suke wanka, kuma har yau akwai wanda yake ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara girma. Ciwo ne da ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi yake, yana da magani, amma sai uwa ta san ciwo ne za ta kai ɗanta asibiti. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi wa Kano a 2023 ya san abin da jinkirin bayani yake jawowa. Marina kuma nasu roƙon kaɗan ne: a zo a ɗauki yadda ake rini da bugun turkuɗin da Buzaye suke zuwa saye tun daga Agadas, tun masu yin sa da hannu suna raye.

Mun san za a ce wa zai kalla, wuta ba ta zama. Gaskiya ne, ba ta zama. Amma babu garin da ba shi da gidan kallon ƙwallo mai janareta ko sola, kuma masu gidajen da muka tuntuɓa sun amince su kunna shirin kyauta idan an sa shi bayan sallar isha'i a ranar da babu wasa. Dattawa suna tuna lokacin da ake ajiye akwatin talabijin a dandali gari ya taru, to wannan ne ya dawo da wata riga. Sannan a yanka shirin gajere-gajere a sa a Facebook da YouTube, matasanmu za su tura wa juna a waya, mai ƙaramar waya ma a nuna masa a majalisa. Muna roƙon a sa mai fassara da hannu a gefe saboda kurame, akwai su da yawa a cikin masu aikin gona.

Abu ɗaya muke tsoro, kuma gara mu faɗe shi a gabanka tun yanzu. Kada filin ya koma na godiya da jinjina, a tara mu a rana mu yi tafi, a nuno babban baƙo yana miƙa buhun taki, a tashi. Wannan yana da nasa wurin a labarai, ba mu hana ba. Namu filin na tambaya da amsa ne. Idan taki ya makara, manomi ya faɗa da bakinsa, jami'in da abin ya shafa ya zo mako mai zuwa ya ba da amsa, cikin mutunci, babu zagi babu siyasa. Kowace jam'iyya akwai 'yanta a cikin masu sa hannun nan, kuma mun yi alkawari a tsakaninmu ba za a shigo da hula ko tuta wurin ɗauka ba. Haka kuma muna roƙon kada a sayar da filin ga kamfanin magani ko na iri ya zama shi ke zaɓar abin da za a faɗa. Talla a yi ta a gefe, a kuma faɗa cewa talla ce.

Mun san fita ƙauye da mota da ma'aikata kuɗi ne. Mu namu ƙoƙarin shi ne masauki da abinci, da wanda zai yi wa ma'aikata jagora zuwa gonaki, da tara mutane a kan lokaci. Kuɗin mai da na aiki kuwa muna ganin ƙananan hukumomin nan uku za su iya haɗuwa su ɗauka, idan aka sa shi a kasafinsu na shekara maimakon a bar shi sai an tuna.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon ka miƙa wannan koke ga majalisar masarauta, da Shugaban Ƙaramar Hukumar Kura, da ɗan majalisarmu na jiha, da Ma'aikatar Yaɗa Labarai, sannan ka nema mana ranar zama da shugabannin gidan talabijin ɗin a fadarka, kafin a fara renon irin rani mai zuwa. Mun zaɓi wakilai maza da mata da za su zo duk ranar da ka kira.

Allah ya ja zamaninka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Manoman rani, mata masu turara shinkafa, 'yan gwari, marina da malaman makarantu na ƙasar Kura da maƙwabtanta.

Sa hannu da dangwalen yatsa suna cikin takardun da muka haɗo, gari-gari, kowanne da shaidar mai unguwarsa.