A duba lafiyar yaro kafin a ce taurin kai ne

Assalamu alaikum Edita,

Ina jan hankalin iyaye da malaman firamare. Yaron da ake kira ya yi banza da mutane, kafin a ɗauko bulala a duba kunnensa, domin kunne mai zubar da mugunya yana rage ji.

Idan kuwa yakan ƙura ido kamar sakan 10, ya dawo bai san an yi ba, sau da yawa a rana, wata irin farfaɗiya ake zargi. Gwajin EEG, mai auna aikin ƙwaƙwalwa, ke tabbatar da ita, kuma tana jin magani. Akwai kuma ADHD, wata lalurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali; ba a cewa ita ce sai abin ya kai wata 6, a gida da makaranta, ya kuma fara kafin shekara 12.

Ku ɗauki bidiyon abin da yaron ke yi a waya, ku nuna wa likitan yara.