Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Bayani Kan Jinkirin Dashen Madobiya Na Bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu alhazai da hajiyoyi, malamai masu makarantu, manoma, da duk wanda ya saba tsayawa a gandunmu na renon itatuwa a nan Katsina, muna gaishe ku, da fatan ana haƙuri da zafin bazara.

Magana ta dawo mana cewa wai mun karɓi kuɗin mutane mun kasa cika alkawari. Wasu ma na cewa ɓoye dashen madobiya muka yi don mu tsauwala masa kuɗi. Wannan ta yi mana ciwo, shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu. Gaskiya ne madobiyar ba za ta fita a farkon damina kamar yadda muka yi da ku ba, kuma abin da zai fita bai kai rabin abin da aka nema ba. Kuɗin leda ɗaya ya tashi daga naira 800 zuwa 1,300. Bedi, mangwaro, gwaba, zogale da madaci duk suna nan, babu abin da ya same su.

Matsalar daga iri ta taso. Mai kawo mana iri, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, ya sauke mana buhu biyu na 'ya'yan madobiya a watan Maris. Wanda ya san icen ya san ɗansa: faifai ne zagayayye mai fiffike kamar takarda, tsakiyarsa duk ƙaya, ƙwayar na ciki. Idan daga itatuwa da yawa aka tattaro, za ka ga wani faifan babba, wani ƙarami, wani ƙayarsa ta fi cika. Waɗannan kuwa kusan duk kamarsu ɗaya. Muka yanke fiffiken da almakashi, muka fasa, da yawa babu komai a ciki. Masu ƙwayar muka jiƙa su kwana ɗaya a ruwan sanyi, muka jera ɗari a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa. Iri mai kyau yakan fara tsira cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Wannan kaɗan ne ya tsira, a cikinsu har da masu ganye fari-fari, waɗanda ba sa wuce 'yan kwanaki. Da muka matsa masa da tambaya, sai ya ce daga itatuwa uku ya kaɗo, a bayan gari ɗaya, don ba ya iya shiga daji. Ba mu ga laifinsa ƙwarai a kan tsoron ba, kowa ya san halin da dajin Rugu da ƙauyukan Batsari, Safana da Ɗanmusa suke ciki. Amma da ya faɗa tun farko, da ba mu rasa makonni ba.

Wani zai ce madobiya ai madobiya ce, mene ne na tsayawa ƙirga uwaye, wato itatuwan da aka ɗebo irin? Ku ba mu dama mu yi bayani, don a nan ne ake yi mana mummunar fahimta.

Duk dashen da ya fito daga icce ɗaya 'yan ɗaki ɗaya ne. Leda dubu daga itatuwa uku, ɗakuna uku ke nan kawai. Idan kuka shuka su a fili ɗaya suka girma, ƙudan zuma zai riƙa kai garin fure tsakanin wa da ƙanwa. Kamar zuri'ar da ta daɗe tana auren gida ne ba a shigo da bare ba: duk wani rauni da ke ɓoye a jini sai ya fito fili. A icce yakan fito ta hanyar kwanso maras ƙwaya, tsiro maras ƙarfi da rashin saurin girma. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne sun zama ƙarfinsu ɗaya, rauninsu ɗaya. Cutar da ta kama ɗaya ta kama duka, farin da ya fi ƙarfin ɗaya ya fi ƙarfin duka. Inda aka haɗa ɗakuna talatin kuwa, za a samu mai jure ƙishi, mai saiwa da zurfi, wanda ƙwari ba su cika so ba. Masana na kiran wannan bambancin ƙwayoyin gado, kuma ba a ganinsa a leda. Sai bayan shekara goma ko ashirin yake nuna kansa, lokacin da ba za ku iya dawo mana da kaya ba.

Madobiya kuma ba icen da za a yi wa sakaci ba ce yanzu. Ita ce 'yan katako ke kira koso, wadda aka yi ta lodawa zuwa ƙasar Sin don yin kujeru da gadaje masu tsada, jihar Taraba na cikin waɗanda suka fi ganin ɓarnar. A watan Janairun 2017 ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan fataucin namun daji da tsirrai, wato ba a fitar da ita waje sai da izini. A 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin itatuwan da ke cikin haɗarin ƙarewa, a shekarar kuma aka dakatar da fataucinta daga Najeriya. Mai sara ba ya zaɓar karkatacce. Miƙaƙƙu masu kauri yake kwashewa, ya bar gurgu da mai kogo, su ne kuma suke zama uwayen gobe. A nan wajenmu akwai ƙarin matsala: ganyenta abincin dabbobi ne mai kyau, ana datse rassanta da rani, alhali a cikin hunturu take fitar da furenta ruwan ɗorawa bayan ta zubar da ganye, 'ya'yan su nuna gab da bazara. Icen da ake datsewa duk shekara yana nan tsaye, amma ba ya haihuwa.

Ƙa'idar da muke bi wajen tara iri ba ɓoyayya ba ce. Uwaye kada su gaza 25 zuwa 30. Tsakanin uwa da uwa a samu aƙalla mita 100, don waɗanda ke kusa da juna galibi dangi ne. A ɗebi daidai wa daida daga kowace, ko da wata ta fi cika 'ya'ya, in ba haka ba ita kaɗai za ta mamaye buhun. A guji icen da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar gona babu ɗan'uwa kusa. A tsinko daga reshe idan kwanson ya bushe, don na ƙasa yawanci ƙwari sun riga ka. Kowace uwa da jakarta da lambarta. Yin haka yawo ne a kan babur, gari zuwa gari, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kun san abin da lita ta koma. Ga kuɗin leda, ga man janareton da ke jawo ruwan rijiyar burtsatse. Daga nan ƙarin kuɗin ya fito, ba daga son riba ba.

An kawo mana tayin iri mai araha daga kudu, inda ruwa ya fi yawa, muka ƙi. Icen da kakanninsa suka saba da doguwar damina ba lallai ya jure watan Afrilu na Kaita ko Mai'aduwa ba. Yankan reshe a dasa shi ma ba mafita ba ce, don kwafin uwar ne sak, ba a ƙara komai ba.

Mun samu wani iri daga kudancin jihar nan, mun shuka, kuma muna magana da wasu mutane kan yadda za a gyara lamarin kafin baɗi. Idan abin ya kankama za ku ji. Wanda aka shuka yanzu ba zai isa dasawa ba sai wajen watan Agusta. Mutanenmu na Daura, Zango da Ɓaure, inda ruwa ke saurin ɗaukewa, shawararmu ku jira baɗi, sai dai wanda zai iya ban ruwa duk rani. Wanda ya ɗauka, ya duba lambar uwar da ke jikin leda: in biyar za ka saya, ka ɗauki lamba biyar daban-daban, kuma kada a jera lamba ɗaya kusa da juna. Rami ya kai rabin mita zurfi da faɗi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, don ɗanyen taki gara yake jawowa. A yanke ledar da reza, kada a ja dashen ta wuya. A kewaye da ƙaya ko kwando, akuya ba ta barin madobiya. Kada kuma a tuge wanda ya yi jinkirin tashi, sau da yawa saiwa yake yi a ƙasa.

Akwai makarantar islamiyyar da tun muna da 'yan ledoji a ƙarƙashin bedi ɗaya take sayen dashe a wurinmu. Akwai dattijon da ya kawo 'ya'yansa, yanzu jikokinsa ke zuwa. Akwai ƙungiyar matan da ba su taɓa jinkirta mana biya ba ko sau ɗaya. Ba mu manta ba, Allah ya saka da alheri. Mun san akwai masu sayarwa ƙasa da kuɗinmu a bakin titi, ba za mu hana kowa zuwa ba. Abin da muke roƙo kawai, ku tambaye su uwaye nawa irin ya fito.

Wanda ya ba da kuɗi yana so a mayar masa, ya zo gandu da rasit ɗinsa kowace rana ban da Juma'a, ko a musanya masa da madaci. Wanda kuma ya san inda madobiya take tsaye a gonarsa ko ta maƙwabci, don Allah ya sanar da mu, ya kuma roƙi a bar rassanta daga Disamba zuwa Maris.

Wassalam.

Naku,
Masu gandun renon itatuwa, Katsina