A sauko da binciken kwamfuta daga kan kanta

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa, ina neman ɗan fili a jaridarka mai farin jini.

A 2022 wasu masana, cikinsu har da malaman Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da NaijaSenti: saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga cikin harsunan Hausa, Yarbanci da Ibo, da wasu ƙasa da haka a Turancin buroka, an bi su ɗaya bayan ɗaya an ware, wannan yabo ne, wancan suka. Da irinsa ake koya wa na'ura gane inda Bahaushe ya dosa. Kuma kyauta aka sake shi, Allah ya saka musu.

To amma leƙa ɗakin kati a asibitocinmu. Ma'aikaci na laluben fayil cikin ƙura, majinyaci na zaune kan benci yana nishi, alhali duk shekara ɗaliban kwamfuta na ajin ƙarshe a jami'o'i na rubuta manhajar adana bayanan marasa lafiya, a ɗinke kundin, a ba da maki, shi ke nan.

Ina roƙon NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, su zaɓi masu inganci daga cikin manhajojin nan a gwada su a asibitocin karkara. A haɗa da sola, don halin wutar nan sai addu'a.

Naka,
Wani mai karatu, Kano