Wardin Ɗa'if ya buɗe

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya zafin Riyad? Ka ce in sanar da kai da zarar wardi ya fara buɗewa, to ga shi. Shekaranjiya bayan sallar asuba furanni uku suka buɗe a gindin katanga, ruwan hoda mai haske, raɓa kwance a tsakiyarsu. Ganyen fure ɗaya ya kai talatin, a cunkushe kamar naɗin rawani, ƙamshin kuwa tun daga bakin ƙofa yake tarbar mutum. Wallahi duk wahalar hunturu ta biya.

Ka tambaye ni ko wannan irin zai yi a tukunya a saman benenka. Gaskiya ban ba ka shawarar ka ɗora rai a kansa ba. Ɗa'if tana kan tsauni, sama da mita 1,800, Shafa da ke kusa da mu ma ta fi haka tudu, kuma sanyin daren nan ne ke sa shi fure. Sau ɗaya yake yi a shekara, daga Maris zuwa Afrilu, ya rufe sai baɗi. Idan ka je mashtal, wurin masu sayar da dashe, ka nemi irin da ke maimaita fure kuma yake jure zafi. Ƙamshinsa ba zai kai wannan ba, amma zai daɗe yana faranta maka.

Tukunya ta kai zurfin santimita 40, da huji a ƙasa, kuma ta ƙasa ta fi ta baƙar roba, domin robar tana dafa saiwa da rana. Ka haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, taki kashi ɗaya. Takin ya zama wanda ya ruɓe ya huce, ya yi wata shida ko fi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, sai ka ga bakin ganye ya soye ka ɗauka ƙishi ne, ka ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Ka ajiye tukunyar inda hantsi zai same ta na awa shida, inuwa ta rufe ta daga azahar.

Ruwa shi ne inda aka fi kuskure. A gindi ake zubawa, da sassafe, a zuba sosai har ya fito ta huji. Kafin ka sake, cusa yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In da danshi, bari sai gobe. Ruwan famfo yana barin gishiri, za ka ga fari-fari ya taru a bakin tukunya. Sau ɗaya a wata ka kwarara mata ruwa mai yawa ya wanke shi ya fice. In kuma sabon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa na nan kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, don ƙasar nan ba ta sakin sa ga saiwa. Ana sayar da garinsa a mashtal, ka bi awon da ke jikin leda, kada ka ƙara.

Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan tsiro, tana zuwa tare da toho, ta lulluɓe kan furen tun bai buɗe ba. Ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, a ɗauraye da safe. Kada ka fesa da rana tsaka.

Amma furen da nake shaƙa yau, tun watan Janairu aka yi aikinsa, da almakashi. A lokacin sanyi ake yi wa wardi aski: a cire busassun rassa da waɗanda suka gitta juna, a bar huɗu ko biyar masu ƙarfi, a rage kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu. Yankan ya zama a karkace, rabin santimita sama da idon toho da ke kallon waje, don sabon reshe ya fita waje, iska ta ratsa tsakiya. Wanda ya ji tausayin itacen ya ƙi yanka, ganye zai samu da ƙaya. In reshe ya fito daga ƙasan wurin da aka yi wa dashen aure, fizge shi daga tushe, ƙwace abinci kawai yake yi.

Tsinka kuwa kafin rana ta ɗaga. Manoman Hada da Shafa, a tsaunukan Ɗa'if, da duku-duku suke shiga gona, domin man da ke cikin furen yana tashi da zafi, kuma a ranar ake zuba furen cikin tukwanen tagulla a dafa a fitar da turarensa. Irin wannan turaren ne ake haɗawa da Zamzam wajen wankin Ka'aba. In za ka yanki naka don sawa a kofi, yanka sama da ganye mai 'ya'ya biyar, daga nan sabon toho ke fita.

Na shanya maka furanni a inuwa, don rana tana cinye launi. Da na sami mai tahowa zan aiko, ka jefa uku a butar shayi. Ka gaida maiɗakinka da yara, ka kuma turo min hoton benen in ga ta ina rana ke faɗo masa.

Naka,
amininka na Ɗa'if